Dinarin Rumawa a Kan Sikelin Ɗakin Gwaje-gwaje

Duk wanda ya taɓa shiga ɗakinmu a hostel ya san ɗan gwangwanin alewar nan da ke ƙasan akwatina, wanda abokai ke tsokanata da shi suna cewa asusun aurena ne. To yau dai zan buɗe shi a gaban kowa. Sulalla biyu ne kacal a ciki, kowanne bai fi faɗin maɓallin riga ba. Ɗaya ya haura shekara 1,900 a duniya. Ɗayan kuwa ina zaton autar gidanmu ta girme shi, kuma shi ne ya lashe mini alawus ɗin SIWES gaba ɗaya.

Na farkon kawuna ne ya ba ni. Ya yi karatu a Ingila a shekarun 1980, ya saye shi a wani shagon tsofaffin kuɗi da ke kusa da gidan adana kayan tarihi na Birtaniya a Landan, ya dawo gida ya jefa a durowa ya manta. Da ya ji na shiga sashen kimiyyar ɗakin gwaje-gwaje sai ya miƙo mini shi a cikin 'yar ambulan ɗinsa ta asali, ya ce, "Ungo, tunda kai ne malamin awo, je ka gano mana ko azurfa ce ko Bature ya cuce ni." Na sa hannu biyu na karɓa na ce, "To Kawu, Allah ya ƙara girma." A lokacin ban ma san ta ina ake fara karanta shi ba.

Sunan wannan kuɗi a bakin masu shi denarius. Faɗe shi da ƙarfi ka ji abin da kunnenka zai ba ka. Dinari ne, wannan dai da muke ji a karatun zakka da sadaki. Kalmar ta taso daga Latin, ta bi ta bakin Girkawa ta shiga Larabci, daga can ta iso mana. An ambaci dinari a Alƙur'ani cikin Suratu Ali Imrana, an kuma ambace shi a Linjila a matsayin ladan yinin ɗan ƙodago a gonar inabi. Bambancin shi ne namu na zinare ne, na Rumawan farko kuwa azurfa ce. Kafin sunan ya iso ga Larabawa ya riga ya koma kan kuɗin zinaren Rumawan gabas, waɗanda Musulmin farko suka yi ta ciniki da su har zuwa shekara ta 77 bayan hijira, lokacin da Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya buga dinarin da babu hoto a kansa sai rubutu zalla. Akwai kuma wata hanyar da ya biyo ya same mu. Tambayi duk dattijon da ya yi firamare kafin 1973, zamanin fam da sule da kwabo, yadda ake rubuta kwabo a lissafi. Zai ce maka da harafin d. Wannan d ɗin denarius ne, Turawan Ingila suka riƙe shi suka kawo mana har cikin aji.

An fara buga shi wajen shekara ta 211 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.), Rumawa suna tsakiyar yaƙi da Hanibal, janar ɗin Kartaj, birnin da kangonsa ke Tunisiya a yau. Ma'anar sunan "mai goma", domin ana canza shi da kuɗin tagulla goma da ake kira as, shi ya sa za ka ga alamar X a kan na farko-farko. Nauyinsa a lokacin kusan giram 4.5 ne, daga baya ya sauka ya tsaya a wajen 3.9. A zamanin Agustus, sarkinsu na farko, dinari 25 ke yin kuɗin zinare ɗaya, kuma albashin sojan ƙasa na shekara dinari 225 ne, a ciki ma ake cire masa kuɗin abinci da tufafi. Ka ga ke nan ba ƙaramin kuɗi ba ne a hannun talaka.

Babu inji a aikin. Wanda ya taɓa zama a rumfar maƙeran fari zai gane komai nan take. A narka azurfa a fitar da 'yan dunƙule masu nauyi ɗaya. Akwai hatimin ƙarfe guda da aka sassaƙa wa hoto aka kafa a jikin uwar maƙera, akwai na biyu a bakin wani guntun ƙarfe da ake riƙewa a hannu. A ɗora dunƙulen a tsakani, a sauke guduma. Shi ke nan, an yi kuɗi. Saboda haka ba za ka samu dinari biyu da suka yi daidai ta kowace fuska ba: wani hoton ya karkace, wani rabin rubutun ya faɗa waje, wani gefensa ya tsage. Riƙe wannan maganar, za ta yi mana amfani in mun zo kan jabu.

Nawa na Kawu yana ɗauke da kan wani mutum mai gajeren gashi, da ganye a naɗe a kansa kamar rawani. Kewaye da shi an rubuta IMP TRAIANO AVG GER DAC P M TR P. Na yi kwana biyu ina kallon wannan kamar lambar mota. Ashe duk gajarce-gajarce ne, irin yadda muke rubuta ND da HND, kuma Rumawa ba su da harafin U a rubutun sassaƙa, V suke sa wa. TRAIANO sunan sarkin ne, Tirajan, wanda ya yi mulki daga 98 zuwa 117 miladiyya. IMP kwamandan askarawa. AVG laƙabin Agustus da kowane sarki ke gada. GER da DAC kirari ne na yaƙi, wato wanda ya ci Jamusawa ya ci Dasiya, ƙasar da ke Romaniya a yanzu. P M shugaban malaman addininsu, TR P kuma ikon wakilin talakawa, wanda sarakunan suka haɗa da nasu suka riƙe. A bayan kuɗin rubutun ya fara da COS V. Nan ne kwanan watan yake ɓoye. COS muƙamin konsul ne, V kuma biyar. Tirajan ya riƙe muƙamin karo na biyar a shekara ta 103, bai yi na shida ba sai 112, don haka an buga wannan kuɗi a tsakanin 103 da 111. Ranar da na warware wannan da kaina, wallahi sai da na tashi abokin ɗakina daga barci. Bai gode mini ba.

Mutane ba su da rediyo, ba su da jarida, akasarinsu ba za su taɓa ganin sarki ido da ido ba. Kuɗin ne allon tallan gwamnati. Tun asali hotunan gumakansu da kakanninsu ake sa wa, sai a shekara ta 44 kafin haihuwar Annabi Isa Juliyas Kaisar ya zama mutum na farko da aka buga fuskarsa a kuɗin birnin Rum yana raye. A watan Maris na wannan shekarar aka kashe shi. Bayan shekara biyu Burutus, ɗaya daga cikin waɗanda suka soke shi, ya buga nasa dinarin: wuƙaƙe biyu, hular 'yantaccen bawa a tsakiya, da rubutu EID MAR, wato ranar 15 ga Maris. Mutum ya yi kisa ya buga sanarwa a kan kuɗi. Abin dariyar shi ne a ɗaya gefen fuskarsa ya sa, alhali irin wannan ɗaukar kai na cikin abin da suka zargi Kaisar da shi. Wanda na fi so dai na Hadiriyan ne, magajin Tirajan, sarki mai yawon rangadi. Ya buga jerin kuɗaɗe na lardunan daularsa, a ciki akwai mai suna AFRICA: mace a kishingiɗe, fatar kan giwa a kanta, kunama a hannu, kwandon hatsi a gabanta. Afirkarsu ba tamu ba ce gaba ɗaya, yankin Tunisiya da kewaye suke nufi, rumbun da ke ciyar da birnin Rum.

Yanzu ga inda ya shafi ɗan kimiyya, kuma ga inda ya shafi duk wanda kuɗin abincinsa na wata ke ƙarewa ranar ashirin. Dinarin Agustus azurfa ce kusan tsantsa. A shekara ta 64, shekarar babbar gobarar birnin Rum, sarki Niro ya rage nauyinsa zuwa wajen giram 3.4, ya kuma sirka azurfar da jan ƙarfe. Lissafin mai sauƙi ne: azurfar da ke ba ka dinari ɗari yanzu za ta ba ka fiye da haka, ka biya soja, ka yi gini, babu wanda ka ƙara wa haraji. Tunda aka buɗe wannan ƙofa ba ta sake rufuwa da kyau ba. Domishiyan ya yi ƙoƙarin mayar da azurfar yadda take, bai daɗe ba ya ja da baya. Zuwa zamanin Seftimiyus Seberus, ɗan Afirka haifaffen Leptis Magna a Libiya ta yau, wanda ya yi mulki daga 193 zuwa 211, kusan rabin dinari jan ƙarfe ne. Shi kuwa ya ƙara wa sojoji albashi, ɗansa Karakala ya sake ƙarawa. A 215 Karakala ya fito da sabon kuɗi, ana gane shi da kambi mai tsini-tsini kamar hasken rana a kan sarki. Masana sun tafi a kan cewa dinari biyu aka ce a karɓe shi, amma a sikeli dinari ɗaya da rabi yake. Bayan shekara hamsin da 'yan kai, wannan sabon kuɗin ya zama jan ƙarfe mai ɗan wankin azurfa a fuska, azurfar da ke cikinsa ba ta kai kashi 5 cikin ɗari ba. Farashi ya yi tashin gwauron zabo, har a 301 sarki Diyokilishiyan ya kafa dokar ƙayyade farashin kaya sama da dubu, da hukuncin kisa ga wanda ya ƙetare. Dokar ba ta yi aiki ba.

Kada wani ya ce na ce Rum da Najeriya abu ɗaya ne. Kuɗinsu ƙarfe ne mai daraja a jikinsa, namu takarda ce da lambobi a waya. Amma wanda ya ga sulallan naira 1 da naira 2 da aka fitar a 2007, ya kuma san yau ko mai rake ba zai kalle su ba, ba ya bukatar dogon bayani kan yadda talakan Rum ya ji.

Mutane kuma ba wawaye ba ne. Da suka lura, sai suka riƙa ɓoye tsofaffin dinarai masu kyau suna kashe marasa kyau. Misalin da ya fi burge ni na Mak Antoni ne. A 32 zuwa 31 kafin haihuwar Annabi Isa ya buga dinarai masu yawan gaske don biyan rundunoninsa, jirgin ruwan yaƙi a gefe ɗaya, tutocin soja a ɗaya gefen, azurfarsu kuwa ta gaza ta zamaninsu. Saboda wannan raunin babu mai sha'awar narka su ko adana su, suka yi ta yawo hannu zuwa hannu fiye da shekara 200, har suka suɗe kamar tsohon kwano. Raunin nasu ne ya ja musu tsawon rai.

To ta yaya gwamnati ta ɓoye jan ƙarfen a ido? Nan kimiyyar take. Kafin a buga, ana gasa dunƙulen a wuta har jan ƙarfen da ke fatarsa ya haɗu da iskar oksijin ya yi baƙi, sannan a jiƙa shi a ruwa mai tsami ya cinye baƙin. Abin da ya rage a sama azurfa ce kusan zalla, guduma ta danne ta ta zama fata mai ƙyalli, cikin kuwa yana nan a gauraye. Dabarar ta yaudari mai gasa burodi a Rum, ta kuma yaudari masana na zamaninmu. A shekarun 1970 wani masani a Oksfod, David Walker, ya auna dubban dinarai da na'urar XRF, wadda fata kawai take karantawa, alƙalumansa suka nuna azurfa fiye da yadda take. Daga baya Kevin Butcher da Matthew Ponting suka riƙa huda gefen kuɗin da siririn abin huji suna ɗebo ƙarfe daga ciki, sai ga dinarin Niro da aka ɗauka ya haura kashi 90 ya sauko wajen kashi 80. Malaminmu na firaktikal kullum yana ce mana sakamako ba ya fin samfurin da ka ɗiba kyau. Sai a kan kuɗin Niro na yarda da shi.

Yanzu bari in tona wa kaina asiri. Bayan na karanta waɗannan abubuwa sai kaina ya kumbura, na ga ai ni ma na zama masani. Na ci karo da wani mai talla a intanet yana sayar da dinarin Juliyas Kaisar mai hoton giwa tana taka maciji, wanda aka buga wajen shekara ta 49 kafin haihuwar Annabi Isa. Farashin ya yi arha ƙwarai a kan yadda ake sayar da irinsa. Maimakon wannan arhar ta tsorata ni, ita ta ja ni. Na tura kuɗi, na jira mako biyar, ya iso a cikin leda, babu takarda ko ɗaya.

Na roƙi izinin mai kula da lab, na kai duka biyun. Gwajin da na yi kowane ɗan ND 1 zai iya shi. Ka auna kuɗin a busasshe. Ka ɗora kofin gwaji da ruwa a kan sikeli ka mayar da shi sifili. Ka ɗaure kuɗin da siririn zare ka nutsa shi a ruwan ba tare da ya taɓa ƙasa ko gefe ba. Lambar da sikeli ya nuna a giram ita ce girman jikin kuɗin a santimita kubik, sai ka raba nauyin da ita. Azurfa tsantsa tana ba da 10.49, jan ƙarfe 8.96. Na Kawu ya auna giram 3.21, a ruwa 0.32, ya ba ni 10.0, daidai da azurfar da aka ɗan sirka. Giwata kuwa, wadda ya kamata ta kusanci giram 3.9, ta tsaya a 3.05, a ruwa 0.41. Raba ka gani: 7.4. Wannan lambar kuza ce. Na sake gwadawa sau uku kamar mai neman a canza masa sakamakon jarrabawa. Da na sa gilashin ƙara girma sai ga sauran shaidu: siririn layi ya zagaye gefen, inda ɓari biyu na mazubi suka haɗu, ga 'yan ƙananan ramuka na kumfar iska a fuska, ga haruffan sun yi laushi kamar sabulun da ya sha ruwa. Zuba shi aka yi, ba buga shi aka yi ba. Na koma neman mai tallan, shafin ya ɓace.

A yi hattara dai, wannan awo yana kama ƙaramin ɓarawo ne kawai. Ƙwararrun masu jabu da azurfar gaske suke aiki, su sassaƙa hatimi su buga da guduma, sai wanda idonsa ya ga dubbai zai gane su. Akwai ma jabu na tun zamanin, jan ƙarfe da aka lulluɓe da fallen azurfa, shi ya sa za ka ga wasu dinarai da 'yan tambura ko yanka da 'yan canji na wancan lokaci suka yi don leƙa cikinsu. Irin wannan tsohon jabun shi ma kayan tarihi ne, akwai masu tara shi musamman.

Abin da na raina a farko, 'yar ambulan ɗin Kawu mai sunan shago da kwanan wata, ashe ita ce rabin darajar kuɗin. Kowane dinari daga ƙasa ya fito. In masu binciken tarihi suka haƙo shi, wurin da zurfin da abin da ke kusa da shi duk bayani ne. A 2010 wani mai na'urar gano ƙarfe ya tarar da tulu a wata gona kusa da Frome a Ingila, bai tone ba ya kira masana, aka ƙirga sulalla 52,503 a ciki, aka ɗebe su hawa-hawa aka rubuta komai. In ɓarayi ne suka riga zuwa, a warwatsa a kasuwa, bayanin ya tafi har abada. A 2020 an yi gwanjon samfurin zinare na EID MAR a Landan a kan fam miliyan 3 da ɗoriya, daga baya bincike ya nuna takardun asalinsa na ƙarya ne, a 2023 hukumomin Amurka suka mayar da shi Girka. Mu da aka kwashe wa tagullar Benin, aka kuma yi ta haƙe mana gumakan Nok da dare ana fita da su, bai kamata a same mu muna sayen abin da aka sato daga gonar wani a Balgeriya ko Siriya ba. Ni dai ra'ayina ke nan: in babu takardar da ke nuna inda ya biyo, a bar shi, ko da na gaske ne.

Wanda abin ya ba shi sha'awa, ba sai ya kashe ko kwabo ba. Data kawai. Ƙungiyar masana kuɗaɗe ta Amurka tana da rumbu kyauta a intanet mai suna OCRE, da hotuna da bayanin dubban nau'o'in kuɗin sarakunan Rum, an jera su bisa lambobin RIC, babban kundin da Harold Mattingly da Edward Sydenham suka fara fitarwa a 1923. Zaɓi sarki ɗaya ka yi ta kallon fuskarsa har ka iya gane shi ba tare da rubutu ba: Niro da kaurin wuya, Nerba da dogon hanci, Hadiriyan da gemu. In kuwa Allah ya sa wani ya faɗo hannunka, don Allah kada ka goge shi da toka ko lemon tsami ko man goge ƙarfe don ya yi ƙyalli. Duhun nan da ke kansa shekaru ne suka yi shi, masu saye suna nemansa. Riƙe shi ta gefe, ajiye shi a ambulan ta takarda ba leda mai laushi ba, kuma kada ka jefa shi a siminti don jin ƙararsa yadda kakanninmu ke gwada dala. Tsohuwar azurfa takan yi gautsi, tana iya darewa biyu.

Da aka yi hutu na je gaida Kawu, na ba shi labarin 10.0 da COS V, na ce Bature bai cuce shi ba. Ya yi murmushi ya ce in riƙe. Sai ya hango na biyun a cikin gwangwanin, ya ɗauka ya juya shi, ya ce wannan mai giwar ya fi kyau, nawa na saye shi? Na ce masa shayinsa zai huce.